Baƙin Ƙyalle a Tudun Abu Tarfa

Talata, biyu ga Rajab 1335, bayan azahar

Tun da aka tashi gada da nakiya jirgin ƙasa bai ƙara isowa tashar nan ba, kuma shi ke kawo mana ruwa. Abin da ya rage a gindin tanki kore ne, wari yake, sojojina da hulunansu suke tace shi. Ba zan rubuta komai a kan gada ba. Mutum bakwai muka binne a gefen layin dogo, cikinsu har da Laftanar Sabri, wanda muka fito makarantar soja tare, muke kwana ɗaki ɗaya. Na sa an naɗe shimfiɗarsa an fitar. Shi ke nan.

Ɗazu Manjo Hulusi Bey, kwamandan tasha, ya aiko a kira ni. Ba ya tunawa da ni sai in za a aika wajen masu raƙuma. Ya ce, "Zuhdi Efendi, kai ne Balarabe, kai ke jin yaren mutanen nan. Je ka kawo mini Miflih mu yi maganar ruwa." Miflih shi ne babban makiyayan da ke da rijiyar bayan tudu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zai zo ba sai da amana. In ba shi?" Ko ɗago kai bai yi ba, yana ta yanke farce. Ya ce, "Ba shi duk abin da yake so."

Na rubuta maganar yadda ta fito daga bakinsa.

Laraba, bayan la'asar

Mun je, ni da Saje Abu Diyab. Tsohon nan ya fi ni daɗewa a soja da shekarun haihuwata, kuma ba ya bari in manta.

Miflih dogo ne, siriri, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya zaunar da mu cikin hemarsa, ya ba mu gahawa, ya bar ni na yi ta zuba har na gaji. Sannan ya ce, "Efendi, wuya ɗaya gare ni, kuma ina sonsa. In manjonka na marmarin ganina, ai ya san hanya."

Dattawan da ke zaune suka yi dariya. Raina ya ɓaci. Na tuna tanki, na tuna leɓunan yarana da suka tsattsage. Na ce, "Kana cikin fuskata." A wajensu ba amanar da ta fi wannan nauyi.

Dariya ta ɗauke. Miflih ya kafe ni da lafiyayyen idon.

"Ɗan birni, ka san abin da ka faɗa kuwa?"

"Kakana na wajen uwa a hema irin wannan aka haife shi. Na sani."

Ya miƙo mini gefen mayafin kansa, na ƙulla da hannuna a gaban kowa. Ya ce, "Zuwa da komawa. Daga bakin rijiyar nan zuwa bakin rijiyar nan." Na maimaita. Sai wata murya ta fito daga bayan labule, ta ƙanwarsa Fidda: "Ku shaida, jama'a. Fuskar Zuhdi ɗan Hama ce."

A hanya Abu Diyab ya yi ta tsaki. Na ce ya faɗi abin da ke cinsa. Ya ce, "Efendi, ka ba da abin da ba a sayarwa a kasuwa. In gashi ɗaya ya faɗo daga kan mutumin nan, baƙin ƙyalle za su kafa da sunanka, rijiya bayan rijiya, har ƙofar gidanku a Hama. Ba mai ba ka ruwa, ba mai amsa maka sallama, ba mai ba ɗanka mata." Na ce masa Manjo ya yarda. Ya ce, "To, Allah ya sa manjo da hemar gashi aka haifi kakansa shi ma." Ina son tsohon nan, amma wani lokaci kamar in shaƙe shi.

Alhamis, hantsi

Ya zo. Shi kaɗai, ba bindiga, ƙullina yana lilo a kafaɗarsa.

Alhamis, bayan magariba



Ni na shigar da shi. Ni na nuna masa kujera. An zuba gahawa, ya ɗauki finjali, bai kai baki ba Manjo ya tafa hannu, sojoji huɗu suka fito daga bayan ƙofa. Ashe tun safe suna laɓe a wurin, kowa a tashar ya sani ban da ni. Miflih bai yi kokawa ba. Ya ajiye finjalin a hankali don kada gahawar ta zube, ya juyo ya dube ni. 

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan cikin amanata yake!"

Manjo ya ce, "Amanarka? Kai wane ne da za ka yi amana? Laftanar ba shi da amana, umarni gare shi."

"Kai ka ce in ba shi abin da yake so."

"Ka ba shi, ya karɓa, ya zo. Aiki ya yi kyau, zan ma yaba maka a sama."

Zai yaba mini! An kulle Miflih a siton gawayi. Manjo ya ce shi ya jagoranci masu tashin gada, da zarar an gyara layi alƙalin soja zai zo a jirgin farko, a rataye shi a jikin tankin ruwa kowa ya gani.

Juma'a, da asuba

Ba barci. Finjalin yana nan a kan tebur, ba wanda ya ɗauke.

Asabar, hantsi

Sun kafa shi. Baƙin ƙyalle a tsinin mashi, a kan tudun da ke fuskantar tasha, daidai inda harsashi ba ya kaiwa. Rana na fitowa Fidda ta hau ta tsaya kusa da shi. Ban taɓa jin mace mai ƙarfin murya irin tata ba.

"Allah ya baƙanta fuskar Zuhdi ɗan Hama! Ya ba da fuskarsa, ya sayar da baƙonsa! Mai ji ya gaya wa wanda bai ji ba!"

Sau uku ta faɗa, ta sauka. Sojojin Anadolu, da yake ba sa jin Larabci, ba su gane me ta ce ba, suna ta tambaya. Larabawan cikinsu sun ji sarai, suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Da dariya suka yi da ya fi mini sauƙi.

Ba sunan Hulusi Bey ta kira ba. Ba shi ya ƙulla mayafin ba.

Lahadi, bayan azahar

Na koma wajen Manjo, na yi magana da ladabi kamar yadda aka koya mana. Na ce a mayar da Miflih bakin rijiyarsa, in ya so gobe a ba ni mutum ashirin in kamo shi da bakin bindiga, ko in mutu a can. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wato in saki tsuntsu don in nuna na iya harbi? Zuhdi Efendi, tsumma ne fa! Tsumma a kan sanda! Daula ta kashe dukiya ta koya maka lissafi da taswira, ka zo kana rawar jiki don wata mai kiwon awaki ta yi maka ihu?"

Sai ya daina dariyar. Ya ce, "Mutum bakwai. Abokinka yana cikinsu. Ni zan rubuta wa uwayensu, ba kai ba. Me kake so in ce musu? Na kama shi, na sake shi, saboda fuskar laftanar?"

 Na sara masa na fito.

Litinin, da safe

Ƙyallen yana nan.

Talata, bayan la'asar

Na je sito. Duhu, ƙurar gawayi, zafi kamar tanderu. Na kai masa rabon ruwana. Yana jin muryata ya juya ya fuskanci bango, ya ce da Abu Diyab, "Baffa, wa ke tsaye a ƙofa? Ina jin motsi, ban ga kowa ba."

Abu Diyab ya ce, "Haba Miflih, Efendi ne. Ruwa ya kawo maka."

"Ka sha, baffa, kai tsoho ne. Ni ba na shan ruwa daga hannun iska."

Na dire kwanon har rabin ruwan ya zube. Ruwan da mutane ke mafarkinsa! Na fito ina zage-zage, ban ma san wa nake zagi ba. Ƙullin yana nan a mayafinsa, bai kwance ba.

Laraba, hantsi

Manjo ya tura kofur da alfadarai shida su ɗebo ruwa da ƙarfi. Sun tarar an rufe bakin rijiyar da manyan duwatsu, ba kowa sai wata tsohuwa da ta tambaye su, "Ku ne yaran marar fuska?" Sun dawo da salkuna a bushe. An sake rage rabon ruwa. Shi dai Manjo har yau da ruwa yake aske gemu, ina jin ƙamshin sabulunsa daga nan.

Alhamis, da safe

Ƙyallen yana nan. Fidda ta ƙara da sunan mahaifina. Wa ya gaya mata sunan mahaifina?

Juma'a, bayan sallah

Wani mai fataucin gishiri ya biyo ta layi. Na yi masa sallama, ya amsa wa Abu Diyab. Ya ce ya ga baƙin ƙyalle a rijiyoyi biyu ta arewa. Arewa! Tafiya yake, ya fi jirginmu sauri. Mahaifiyata tana sayen man shanu a hannun matan makiyaya kowace ranar kasuwa, a bakinsu za ta ji.

Mahaifina bai bar mana gona ba, bai bar shago ba. Abin da ake faɗa a unguwarmu kawai shi ne, in ya ce eh to eh ne. Da shi muka ci abinci bayan rasuwarsa, da shi aka aurar da yayyena. Ni kuma na kawo shi nan na shimfiɗa wa Hulusi Bey ya goge takalmi.

Asabar

Ba abin rubutawa. Na mari wani soja a kan maɓalli. Bai yi laifin da ya kai mari ba.

Lahadi, bayan azahar

Masu gyaran gada sun aiko: saura kaɗan. Manjo ya sa an nemo igiya, an shafa mata kitse, an rataye buhun yashi don a gwada ta. Suna yi suna raha. Na tsaya ina kallo har buhun ya daina lilo.

Litinin, bayan la'asar

Yau Miflih ne da kansa ya aiko a kira ni. Na tarar da shi zaune, ya rame, leɓunansa sun fashe, amma ya dube ni ido cikin ido.

Ya ce, "An ce kana ta faɗa da manjonka a kaina."

Na ce, "Ba ka da laifi. Zan faɗa wa alƙali, zan rantse."

"Kada ka rantse, ɗan birni. Ni na nuna musu inda za su sa nakiyar."

Ban san lokacin da hannuna ya kai kan bindiga ba. Abu Diyab ya riƙe mini gwiwar hannu yana cewa, "Efendi, Efendi, ka tuna Allah."

Na ce, "Ka san wanda ke kan gadar nan? Ka san shi? Sabri ne! Watan gobe aka sa ɗaurin aurensa!"

Ya ce, "Ban san shi ba. Ku ma ba ku san 'ya'yan baffana da kuka kwashe wa raƙuma bara, suka mutu a hanya da ƙafa ba. Yaƙi ne. In ka same ni a fili ka harbe ni, ba mai kafa maka ƙyalle, ni ma haka zan yi maka."

"To don me ka gaya mini? Da ka yi shiru!"

"Don kada ka ce na yaudare ka. Ranar da ka ƙulla wannan, ba ka tambaye ni ko hannuna da jini ba. Zuwa da komawa ka ce. Ba roƙonka nake ba, Efendi, ni na riga na yi sallama da wuyana. Fuskarka ce, ka yi yadda ka so da ita."

Allah ya tsine wa rijiyarsa da raƙumansa da gaskiyarsa. Da ƙarya ya yi mini da na san inda zan sa kaina.

Talata, da safe

A rataye shi. Ni zan ja igiyar.

Talata, bayan magariba

Na je kabarin Sabri. Duwatsun sun zame ta gefe ɗaya, na gyara. Na zauna na gaya masa komai. Da yana nan da ya yi mini dariya, ya ce, "Zuhdi, kai kullum sai ka ɗinka wa kanka rigar da ta fi ƙarfinka." Kullum haka yake ce mini. Na tambaye shi me zan yi. Ƙudaje ne kawai suka amsa.

Ina ƙin mutumin nan. Ina ƙinsa har cikin haƙorana. Kuma ni na ƙulla mayafin.

Laraba, da safe

Ƙyallen yana nan. Muryarta ta dushe, amma ta hau.

Alhamis, hantsi

An gama gada. Jirgi zai iso jibi.

Gobe ni ne hafsan tsaro. Na aiki Abu Diyab da mutum biyu su bi wayar tangaraho ta kudu su duba inda ta tsinke, kada su dawo sai magariba ta gobe. Ya ce, "Efendi, wayar nan lafiyarta ƙalau." Na ce umarni ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Allah ya ji ƙan mahaifinka," ya fita.

Na aske gemu da busasshiyar aska. Na goge takalma.

Asabar, da safe, a siton gawayi

Abu Diyab ya zuro mini littafin da alƙalami ta ƙarƙashin ƙofa. Wurin ya fi yadda na zata zafi.

Ban yi a ɓoye ba, wannan nake so a sani. Jiya da tsakar rana, Manjo yana barcinsa na bayan abinci, na sa cikakkun kayan sarki na ce da mai gadi ya buɗe. Ya buɗe, don ni ne hafsan tsaro. Na ɗora Miflih a kan alfadari na ja linzami, muka ratsa tsakiyar tasha, muka wuce ƙarƙashin igiyar. Sojoji suna zaune a inuwar tanki suna kallo. Ba wanda ya tashi. Wani cikin Larabawan ya miƙe zai sara mini, na harare shi ya zauna.

 A bakin rijiya na ce ya sauka. Mutanensa suka fara fitowa daga bayan duwatsu, Fidda a gaba. Na ce da ƙarfi, "Ku shaida. Daga bakin rijiyar nan na ɗauke shi, ga shi a bakin rijiyar nan." Na kama mayafin na kwance ƙullin. Ya ƙi kwantuwa don dauɗa da gumi, sai da na sa haƙori.

Na ce masa, "Ka fita daga fuskata. In na ƙara ganinka, ko a masallaci ne, sai na kashe ka saboda Sabri."

Ya ce, "Ka yi daidai. Amma kada ka koma, ɗan birni. Igiyar nan an riga an shafa mata kitse, ba za su bar ta da yunwa ba. Zauna cikinmu."

"In zauna in ci abinci da wanda ya kashe ɗan'uwana? Ni hafsa ne. Ba gudu na zo yi ba."

Fidda ta miƙo mini kwanon ruwa. Ban karɓa ba. Na so in karɓa, Allah ya sani, harshena kamar tsohuwar fata. Na juya da alfadarin na dawo.

Manjo yana jirana a bakin tasha, ko maɓallan rigarsa bai gama sawa ba. Da hannunsa ya tsinke taurarin kafaɗata. Ya ce, "Ka sayar da mutum bakwai a kan tsumma." Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce in ba shi abin da yake so." Ya mare ni. Wannan marin ban ji haushinsa ba. Sannan ya sa aka kulle ni a nan.

Asabar, hantsi

Hayaniya a waje. Abu Diyab ya ce raƙuma takwas aka tarar a durƙushe a bakin layi, kowanne da salkuna cike, ba mai jansu. Yara suna sha suna kuka. Manjo ya sa an buga waya sama cewa ya shawo kan makiyaya da dabara. Da dabara! Har an ɗora masa ruwan wanka.

Abu Diyab ya zuro mini kofi ɗaya. Na sha. Ruwan rijiyar Miflih ne, mai sanyi, mai daɗi, kuma na ji haushin daɗinsa.

Asabar, bayan azahar

Abu Diyab ya zo yana haki. Ya ce, "Efendi, hau buhun nan ka leƙa ta tagar sama." Na ce ya rabu da ni. Ya ce, "Don girman Allah, ɗana, ka leƙa." Bai taɓa ce mini ɗana ba. Na hau.

Fari ne. A kan mashin nan dai, a tudun nan dai. Fidda tana tsaye kusa da shi, muryar ta kusa ƙarewa, amma na ji.

"Allah ya faranta fuskar Zuhdi ɗan Hama! Ya ɗauka, ya mayar! Mai ji ya gaya wa wanda bai ji ba!"

Tsohon yana ta sharɓar hawaye a bayan ƙofa kamar ba saje ba. Ni ban yi kuka ba. Daga tagar ana hango duwatsun Sabri a gefen layi, shi ba wanda ya kafa masa komai, fari ko baƙi. Har yanzu ina ƙin mutumin nan. Har yanzu da zan gan shi da na harbe shi.

Na ce da Abu Diyab in Allah ya kai shi Hama ya nemi gidanmu a bayan masu rini. Kada ya ba mahaifiyata dogon labari, ba ta son dogon labari. Za ta tambaye shi abu ɗaya, ya gaya mata launin da ya gani.

Ba su sauke igiyar ba. Ga kukan jirgi can daga wajen gada.